Shagunan cike fom na Samaru da Kongo: sun iya aikin hannu, amma kada a bar musu zaɓen kwas

Duk wanda ya bi titin Sakkwato daga Kwangila zuwa Samaru tsakanin watan Janairu da ƙarshen damina ya san su. Ƙananan shaguna ne masu kwamfuta uku ko huɗu da firinta ɗaya, janareta na ruri a bakin ƙofa, an rubuta a allo cewa ana duba sakamakon JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a, ana cike fom ɗin tantancewa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), ana canjin kwas. Akwai irinsu a Kongo da Gyallesu da Tudun Wada da Sabon Gari, kuma da wuya a sami ɗalibin Zariya da ya shiga jami'a bai taɓa zama a bencinsu ba. Wannan sharhi ya shafi aikinsu ne gaba ɗaya, domin abin da suka iya iri ɗaya ne, inda suke tuntuɓe ma wuri ɗaya ne. Aikin hannu sun ƙware a kansa, suna da sauri, kuɗinsu bai fi ƙarfin talaka ba. Shawara a kan kwas ce ba su iya ba, ita ce kuma iyaye suka fi karɓa daga gare su, a tsaye, cikin minti biyu, mutum goma na jira a layi.

Da farko a rarrabe, domin shagunan kashi biyu ne. Akwai cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta waɗanda hukumar JAMB ta amince da su. Su kaɗai, tare da ofisoshin hukumar, ke da ikon yi wa ɗalibi rajista, su ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, su ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO, su yi masa gyaran bayanai. Sai kuma shagon intanet na unguwa, wanda iyakarsa duba sakamako, buga silif, cike fom ɗin jami'a da fitar da takardar biyan kuɗi ta Remita, shafin da ake biyan kuɗi ta cikinsa. Idan shagon unguwa ya ce zai yi wa yaro rajistar JAMB, abin da zai faru shi ne ya karɓi kuɗi da takardu ya kai cibiya, ya ɗora nasa ladan a kai, kuma dole yaron ya je da kansa ya dangwala yatsa. Zuwa da kai ya fi saƙo. A rajistar 2025 kuɗin fom naira 7,200 ne ga wanda ba ya son jarrabawar gwaji, 8,700 ga mai so, 5,700 ga masu neman shiga aji biyu kai tsaye, kuma ladan cibiya yana cikin wannan kuɗi. Kuɗin yakan canza daga shekara zuwa shekara, saboda haka a duba sanarwar hukumar kafin a fito daga gida.

Abin yabo a wurinsu yana da yawa, kada a tauye musu. Sun san lokacin da shafin jami'a yake cunkushewa da lokacin da yake sakin jiki, shi ya sa wasunsu suke ajiye aiki sai bayan sallar Isha ko da asuba. Sun san girman hoton da shafi zai karɓa, sun san abin yi idan an cire kuɗi a banki amma shafin bai nuna an biya ba. Yaron da ya taso daga Giwa ko Soba ko Makarfi bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, a wurinsu yake samun mai zama da shi har a gama. A wannan fanni sun cancanci kuɗinsu.

Matsala ta farko tana faruwa ne tun kafin a zo maganar kwas, wato layin waya da imel. Rajista tana farawa da aika kalmar NIN da lambobi 11 na katin ɗan ƙasa zuwa 55019 ko 66019, sai a turo wa ɗalibi lambar shaidarsa. Layin da aka yi wannan aike da shi ya zama nasa har abada a wurin hukumar: da shi zai duba sakamako, ta nan saƙon samun gurbi zai zo. Shaguna da yawa, don a yi sauri, sukan ce a yi da layin yayan yaro ko na maƙwabci, su kuma buɗe masa imel su riƙe kalmar sirri a littafinsu. Wata shida bayan haka an rufe shagon, ko yaron da ke kan kwamfutar ya bar aiki, ko mai layin ya tafi Legas. A sayi layi da sunan ɗalibin, a riƙa sa masa kati don kada kamfani ya rufe shi, a rubuta imel da kalmar sirri a takarda a ajiye wurin uwa tare da takardar haihuwa. Haka nan suna: abin da ke katin ɗan ƙasa shi hukumar take ɗauka. In a can Muhammad ne, a takardar WAEC kuma Mohammed, ko an sauya jerin sunan yanka da na mahaifi, a gyara tun kafin rajista.

Yanzu ga inda aikin nasu ya gaza. Uba ya shigo da ɗansa, mai shago ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, me za a sa masa?" Uban ya ce likita. Mai shago ya ce, "To a sa likitanci, in bai samu ba sai a canza." An gama. Babu wanda ya buɗe takardar sakamakon sakandare, babu wanda ya buɗe kundin kwasa-kwasai na hukumar, wanda yake kyauta a intanet da sunan IBASS, kuma a cikinsa aka rubuta abin da kowace jami'a take nema a kowane kwas, har da inda wata ta bambanta da sauran.

Ƙofa biyu ce ɗalibi zai bi, kowace da makullinta. Ta farko sakamakon sakandare: kiredit biyar, har da Turanci, da Lissafi a mafi yawan kwasa-kwasai, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, kuma jami'o'i da yawa a likitanci zama ɗaya suke nema. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko da an ce yaro ya ci. Kiredit ɗin kuma sai a darussan da kwas ɗin yake buƙata. Mai kiredit takwas wanda ya sami D7 a Fiziks ba shi da hanyar injiniyanci a wannan shekara, komai yawan makinsa a JAMB. Mai son aikin lauya ya dubi Adabin Turanci a takardarsa tun da wuri, domin wurare da yawa suna nemansa, makarantun sakandare da dama kuma ba su da malaminsa. Mai son Shari'ar Musulunci a harabar ABU ta Kongo ya dubi Larabci da darasin Addinin Musulunci.

Ƙofa ta biyu darussa huɗu na jarrabawar JAMB. Turanci dole ne ga kowa, tambaya 60, sauran uku kowanne tambaya 40, jimillar maki 400. Waɗannan darussa uku su ne ainihin zaɓen da ake yi ranar rajista, sun fi sunan kwas ɗin muhimmanci, domin kwas ana iya canza shi bayan an ga sakamako, darussan da aka riga aka zauna wa jarrabawa kuwa sun zauna ke nan. A ɗauke su kamar gida-gida. Gidan Fiziks, Kemistiri da Bayoloji ya ƙunshi likitanci, haɗa magunguna, jinya, likitancin dabbobi, gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton jiki, ilimin sassan jiki, ilimin ƙananan halittu, da aikin gona. Gidan Lissafi, Fiziks da Kemistiri ya ƙunshi kusan duk injiniyancin da ABU take koyarwa, daga na gine-gine da lantarki da kanikanci zuwa na albarkatun ruwa, na ƙarafa da na noma, sannan yana buɗe ƙofar kimiyyar kwamfuta da zanen gine-gine. Gidan Lissafi da Tattalin Arziki shi ne na akanta da harkar kasuwanci. Wanda ya zauna jarrabawa a gida ɗaya yana iya yawo cikin ɗakunansa, amma ba zai tsallaka katanga ba. Ɗalibar da ta rubuta Bayoloji ba ta rubuta Lissafi ba, ba za ta koma injiniyanci ba. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne haɗin gambiza, inda mai shago ya tambayi yaro darussan da ya fi iyawa ya sa masa su: Bayoloji, Gwamnati da Tattalin Arziki, misali. Zai iya cin 280, ya tarar kwasa-kwasan da za su karɓe shi ba su taka kara sun karya ba.

Sai maganar maki, wadda shagunan suka fi rikita mutane a kai. ABU ta shafe shekaru tana sa 180 a matsayin mafi ƙarancin makin da za a bari ɗalibi ya shiga tantancewa. Wannan izinin shiga layi ne kawai. Gurbi a kowane sashe ƙidaye yake, kuma a manyan kwasa-kwasan sana'a ba jami'a kaɗai ke yanke yawan ɗalibai ba: majalisar likitoci ta MDCN tana ƙayyade adadin da makarantar likitanci za ta ɗauka, Majalisar Ilimin Shari'a ta ƙasa tana ƙayyade na lauyoyi. A jami'o'in tarayya ana raba gurbi kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta tsantsa, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Ɗan Zariya yana cikin yankin ABU, amma yankin nan faɗi ne da shi, ya haɗa jihohin Arewa, kuma jami'ar da aka kafa tun 1962 kowa daga Sakkwato har Ilori ita yake hari. Shi ya sa mai 230 da ya nace wa likitanci zai iya zama a gida, abokinsa mai 205 da ya zaɓi aikin gona ko koyar da kimiyya ya shiga. Mai shago bai san layin maki da sashe ya ja a bara ba, jita-jita yake maimaitawa. Wanda ya sani shi ne jami'in ɗaukar ɗalibai na tsangaya da ɗaliban da ke aji ɗaya a sashen yanzu, kuma Samaru, inda babbar harabar jami'ar take, ba nisa.

Canjin kwas ko canjin makaranta a shafin JAMB shi ne aikin da suka fi talla, kuma aiki ne halastacce mai amfani in an yi shi da lissafi. Kuɗin hukumar ya daɗe a kan naira 2,500, ban da ladan cibiya. Tsarin da ya dace shi ne a jira sakamako ya fito, a zauna da takardar sakandare da kundin IBASS a fitar da kwas biyu ko uku na cikin gidan darussan da aka rubuta, a tambayi sashe, sannan a je cibiyar da aka amince da ita. A karanta abin da ke fuskar kwamfuta baƙi bayan baƙi kafin a ce a tura, domin sunayen wasu kwasa-kwasan suna kama da juna: Kemistiri na tsangayar kimiyya daban, na tsangayar ilimi daban, injiniyancin kwamfuta shekara biyar ne, kimiyyar kwamfuta shekara huɗu. A karɓi silif ɗin canji a buga kwafi biyu. Abin da ke lalata wannan aiki shi ne lokaci. Canjin ba ya bayyana a shafin jami'a nan take, kuma ABU, kamar sauran manyan jami'o'i, waɗanda suka sa ta zaɓin farko take kira tantancewa. Wanda ya yi canji ana saura kwana biyu a rufe fom ɗin tantancewa zai iya tarar da tsohon kwas ɗinsa ne har yanzu a can. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kula da CAPS, shafin da hukumar take ba da gurbi ta cikinsa tun 2017. Abu uku ake dubawa. Na ɗaya, sakamakon sakandare ya hau, domin wanda ya yi rajista yana jiran sakamako bai koma ya ɗora shi ba, ba za a ba shi gurbi ba ko da ya fi kowa maki, kuma wannan yana cinye ɗalibai masu ƙoƙari duk shekara. Na biyu, wani lokaci jami'a takan ga ɗalibi bai kai layin kwas ɗinsa ba amma ya dace da wani, sai ta yi masa tayin mayar da shi can, tayin kuma yana jiran amincewarsa a shafin. Na uku, maɓallin karɓar gurbi. In an danna shi an rufe ƙofar kowane tayi na wannan shekara. Kada a bar yaron shago ya danna don murna. Ɗalibi ya koma gida ya yi shawara da iyayensa, ya dawo ya danna da hannunsa, amma kada ya yi sanya, domin tayin ba ya jira har abada.

Mafi cutarwa cikin duk abin da ake faɗa a bencin nan ita ce maganar "karɓi kowane kwas ka shiga, in ka gama aji ɗaya sai ka koma wanda kake so." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take kama mutane. Jami'o'i suna da tsarin sauya sashe. Yawanci sai ɗalibi ya kammala shekara guda, ya sayi fom, shugaban sashen da zai bari ya sa hannu ya sake shi, shugaban sashen da zai koma ya sa hannu ya karɓe shi, shugabannin tsangayoyi su amince, sannan majalisar jami'a ta tabbatar. Sabon sashen zai sake duba takardar sakandarensa da darussan da ya rubuta a JAMB kamar yau ya zo. Sa hannu na biyu shi ne dutsen. Sashen da ya riga ya cika adadin da aka ƙayyade masa ba shi da kujerar da zai ba baƙo, ko da baƙon ya fi kowa ƙoƙari. Sauya sashe kamar ruwa yake, gangare yake bi: daga likitanci zuwa ilimin sassan jiki, daga injiniyanci zuwa Fiziks ko Lissafi, wannan ana gani kullum, sau da yawa ma ga waɗanda karatu ya yi wa nauyi. Hawa tudu, daga Bayoloji zuwa likitanci ko daga Tarihi zuwa aikin lauya, yana da wuya ƙwarai, kuma bai kamata a gina shekarun yaro a kansa ba.

Wanda duk da haka yake son gwadawa, ya san yadda ake lissafin CGPA, wato matsakaicin makin da ɗalibi ya tara a jami'a, tun makon farko. A tsarin maki biyar, A daga 70 ne zuwa sama, tana da maki 5. B daga 60, maki 4. C daga 50, maki 3. D daga 45, maki 2. E daga 40, maki 1, a inda ake amfani da ita. F babu komai. Kowane darasi ana ninka makinsa da nauyinsa. A ce ɗalibi ya ɗauki darussa masu jimillar nauyi 18 a zango ɗaya ya tara 72, yana da 4.00. In darasi ɗaya mai nauyi 3 da zai ci A ya faɗi, 72 ta koma 57, sakamakonsa ya sauko 3.17, ga kuma darasin yana jiransa baɗi. Faɗuwa guda ta isa ta rufe maganar sauya sashe. Abin takaici, ɗalibin da ya shiga kwas da zuciyar cewa shi baƙo ne mai wucewa shi ne ya fi sakaci da lacca, sai ya rasa wanda yake so, ya kuma ɓata wanda yake ciki. In an dace an sauya, sau da yawa sai an maimaita aji domin cike darussan da ba a yi ba. Sannan a tabbata jami'a ta shigar da canjin a wurin JAMB, takardar gurbi ta koma ɗauke da sunan sabon kwas. In ba haka ba, matsalar za ta kwanta shiru shekara huɗu, ta tashi ranar da ake tura sunaye hidimar ƙasa, lokacin da sunan kwas a takardar digiri ya saɓa da na rajistar hukumar.

Shagunan ba su cika ambaton sauran hanyoyi ba, alhali akwai su da yawa a Zariya. IJMB, wadda ABU ce take kula da jarrabawarta, karatun kusan shekara guda ne a darussa uku, A tana da maki 5 har zuwa E mai maki 1, kuma da ita ake neman shiga aji biyu kai tsaye. Jami'ar tana da makarantar share fage a Funtuwa. Mai difloma daga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli ko mai takardar malanta ta NCE shi ma yana iya sayen fom ɗin shiga aji biyu, in sakamakonsa ya kai abin da sashe yake nema. Sai dai a sani, kujerun shiga aji biyu a likitanci da haɗa magunguna da aikin lauya ba su da yawa, saboda haka IJMB ma ba tabbas ba ce, sai an ci da kyau. Ga wanda zuciyarsa ta kafe a kan kwas guda, hanya mafi tsabta ita ce ya gyara darasin da ya faɗi a NECO ko WAEC ta masu zaman kansu, ya sake zama JAMB da darussan da suka dace. Shekara ɗaya ce za ta tafi. Wanda yake aji ɗaya ma yana iya sake rubutawa, amma in ya samu sai ya ajiye gurbin farko ya faro daga tushe, domin ba a riƙe gurbi biyu. A sa tsawon karatu cikin lissafi: likitanci da likitancin dabbobi shekara shida, injiniyanci da jinya da aikin gona biyar, aikin lauya biyar da ƙarin shekara a makarantar horar da lauyoyi. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar yafewa ake ba shi a madadin hidimar ƙasa. Ga ɗiya mace da ake maganar aurenta, ko ɗan da gida yake jiran ya fara kawo cefane, bambancin shekara huɗu da shida magana ce da ya kamata a yi ta a zaure tun kafin a sayi fom.

Akwai shaguna na ƙwarai, kuma ana gane su da alamu. Mai shagon kirki zai nemi ganin takardar sakandare kafin ya taɓa kwamfuta. Zai juyo da fuskar kwamfutar ga ɗalibi ya ce ya karanta. Zai faɗi kuɗin hukuma daban, ladansa daban, ya ba da rasit. Zai miƙa wa yaro imel da kalmar sirrinsa ba tare da an roƙa ba. In an tambaye shi layin da sashe zai ja, zai ce a je a tambayi sashen. Wanda ya ce yana da mutum a ciki da zai ƙara maki ko ya samo gurbi a kan wasu dubbai, a tashi a bar masa bencinsa: gurbin da bai fito a CAPS ba hukumar ba ta san da shi ba, kuma ɗalibin da ya shiga ta wannan hanya sunansa ba zai hau rajistar da ake tura masu hidimar ƙasa da ita ba.

In za a ba su maki cikin biyar, a bugu da cike fom da biyan kuɗi sun ci huɗu, a kula da bayanan ɗalibi biyu, a shawarar kwas ɗaya. Ranar zuwa wurinsu, a tafi da layin wayar ɗalibin a cikin wayarsa, katin ɗan ƙasa, takardar sakandare ta asali da kwafi, da wata takarda da aka rubuto daga gida mai ɗauke da sunan jami'a, sunan kwas na farko da na biyu, da darussa huɗun da za a zauna, a miƙa wa mai shago ya kwafa yadda suke.